Wasiƙa Ga Matasan Mai'adua: Ku San Ƙasarku Da Ruwanku Da Dajinku

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan matan Mai'adua,

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku.

In aka tambayi ɗan sakandare a garin nan abin da yake son zama, amsar ba ta wuce likita, lauya, soja ko kwastan. Duk sana'o'in kirki ne, Allah ya cika wa kowa burinsa. Sai dai akwai fannin da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali rayuwarmu a kansa ta rataya: binciken ƙasa da duwatsu, da ruwan da ke kwance cikinsu, da gubar da ke iya shiga ruwan, da halittun da muke zaman tare da su. Abin da nake son ku riƙe shi ne wannan: ɗan gari ne ke fara ganin alamar matsala, mai awo ne ke gano dalilinta. Inda aka sami mutum guda ya haɗa biyun, rayuka kan tsira. Inda aka rasa shi, ƙananan yara ne ke fara shan wahala.

Mu fara da ƙasar da muke takawa. Kun sha ganin an kawo injin haƙa burtsatse, a yini ana ƙara, a tashi ba ko ɗigo, alhali can gaba kaɗan wani ya haƙa ya sami ruwa har 'yan garuwa na layi. Sai a ce rabo ne. Rabo ne kam, amma Allah ya sanya wa rabon sababi. Mafi yawan jihar Katsina na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da kuma samansa inda ya ruɓe. Ta nan arewa kuwa, akwai shimfiɗun rairayi da tsakuwa da yumɓu da suka kwanta a kan dutsen, wani wuri da kauri, wani wuri ba kauri. Rairayi da tsakuwa na adana ruwa, yumɓu na tare shi. Ku dubi maƙwabtanmu: birnin Damagaram a kan dutse yake, ya daɗe yana fama da ƙishirwa, har ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin Nijar zuwa Yamai a 1926. Amma a kwarin Ƙorama, wajen Matamaye da Magarya, ruwa na kusa har ana noman rake.

Masu ilimin ƙasa ba duba suke yi ba. Ƙarafa huɗu suke kafawa a jere, su tura lantarki ta biyu, su auna da sauran biyun. Busasshen dutse na hana lantarki wucewa, jiƙaƙƙiyar ƙasa na ba shi hanya. Da haka suke ƙiyasta zurfin dutse da inda ya fi dacewa a haƙa. Kuɗin wannan awo bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da asarar burtsatsen da ta ƙi ruwa. Ku kuma sani ruwan ƙasa ba ya tsayawa a kan iyaka a Kwangwalam a buga masa hatimi. Shi ya sa a 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, ciki har da Gulbin Maradi da Tagwai-El Fadama. Yarjejeniya irin wannan ba ta aiki sai da masu auna ruwa a ɓangarorin biyu.

Samun ruwa mataki ne na farko kawai. Ku ji abin da ya faru a Tibirin Gobir, kusa da Maradi. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara ba garin ruwa daga burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba zartsi, jama'a suka yi murna. Sannu a hankali haƙoran yara suka riƙa rinewa, ƙafafunsu na lanƙwashewa. Sai da aka shekara goma sha wani abu ana sha kafin a tabbatar cewa sinadarin fuloraid ne ya yi wa ruwan yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Na Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Ba wanda ya zuba guba a rijiyar, daga cikin duwatsun ƙasa sinadarin ya narke. Ɗaruruwan yara suka nakasa har abada, a kan gwajin da ɗakin gwaje-gwaje ke gamawa cikin yini guda.

A Zamfara kuma, farkon 2010, agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyuka. An gani, ba a ɗauke shi komai ba. Can sai yara suka shiga suma da jijjiga. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙasashen Anka da Bukkuyum, gwajin jini da na ƙasa ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake farfasawa a nemi zinariya yana ɗauke da dalma, ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida, ƙurarsa na sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da sauran ƙauyuka aka zuba sabuwa, aikin bai kai Bagega ba sai 2013. Iyayen nan ba sakarkaru ba ne, sun ga alama tun da wuri. Abin da suka rasa shi ne ɗansu, ɗan ƙauyen, da zai ce mutuwar agwagi magana ce, a kai ƙasar nan a auna.

To, ku juyo gida da idon mai bincike. Kasuwarmu ta Lahadi na tara dabbobi daga ko'ina. Ina ruwan kwata da kashin kara ke gangarawa in damina ta sauka? Taku nawa ne tsakanin salga da rijiya a unguwarku, tun da masana na son a bar aƙalla mita 30? Takin zamani da najasa na ƙara wa ruwan rijiya sinadarin naitiret, wanda in ya haura miligiram 50 a lita yake cutar da jarirai. Wa ya auna namu? Ina ake jefa galan ɗin maganin feshi, wa kuma ke wanke shi ya zuba ruwan sha? Tsofaffin baturan mota da na sola cike suke da dalma. A ina ake fasa su? Kowace tambaya a nan ta isa aikin kammala digiri mai amfani.

Kada ku ce abin ya fi ƙarfinmu. Ku tambayi kakanninku labarin kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. A ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 an sami masu ɗauke da shi sama da 650,000 a Najeriya. Ba a yi masa allura ba, ba a yi masa ƙwaya ba. An dai gano cewa wani mitsitsin ƙwaro na ruwan kududdufi ne ke ɗauke da tsutsar, sai aka raba ƙyallen tace ruwa, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa a tabki, aka sa 'yan sa-kai a ƙauyuka suna rubuta duk wanda ya kamu. Mutum na ƙarshe ya kamu a 2008, a 2013 aka tabbatar wa Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Tsargiya na nan tana jiran irin wannan aiki. Madatsun Sabke da Daberam alheri ne ga ƙasar Daura, amma duk inda ruwa ya kwanta dodon koɗi kan samu wurin zama, shi ne kuma ke rainon tsutsar da ke sa yaro fitsarin jini.

Sai maganar namun daji da tsuntsaye, wadda na san wasunku za su ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Ku tambayi tsofaffin mahauta yadda ungulu ke rufe kwata a da, sannan ku je ranar kasuwa ku ƙirga da kanku. Tun 2015 aka sanya ungulun da muka saba gani a garuruwa cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da farautarta don tsibbu na cikin manyan dalilai. A Indiya, cikin shekarun 1990, ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Bincike ya gano maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu, dikulofenak: ungulu ta ci mushen saniyar, ƙodarta ta lalace. Da ta ɓace, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnuka marasa iyayengiji suka yawaita, har aka haramta ba dabbobi maganin a 2006. Garin da ke da kara irin tamu bai kamata wannan labari ya wuce shi ba.

Ƙidaya kuma na iya ceto. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a Afirka ta Yamma, dukkansu a wajen Kure kusa da Yamai. Masu bincike suka ɗauki hoton kowane ɗaya, suna gane shi da zanen jikinsa, manoman yankin suka shiga aikin kare su. Bayan shekara ashirin da 'yan kai sun haura 600, har a 2018 aka kai takwas gandun dajin Gadabeji a jihar Maradi. Haka zancen gawo. Bayan farin 1984 manoman Maradi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, suna sassabe suna barinsa ya girma. Duniya ba ta san girman aikin ba sai da masana, ciki har da ɗan Nijar Mahamane Larwanou, suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Matamaye na cikin wuraren da gawon ya fi yawa. Ku je ku gani, ba nisa.

Ga nasihata a taƙaice. Ku fara tun yau, da littafi da biro. Ku sa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, ku auna ruwan sama da rula duk safiyar da aka yi ruwa. Ku auna zurfin ruwan rijiyar unguwarku da igiyar guga, rana guda a kowane wata. Ku rubuta ranar da shamuwa ta iso. In ana haƙa burtsatse, ku tsaya ku rubuta irin ƙasar da ke fitowa a kowane zurfi, da inda aka tarar da ruwa. Awon rana ɗaya ba ya faɗin komai, na shekara goma kuwa dukiya ne da ko jami'a za ta nema a wurinku.

Ku durƙusa gaban tsofaffin masu haƙar rijiya. Sun san a gaba nawa ake cin marmara, a gaba nawa ake tarar da farin rairayi, wace unguwa ce ruwanta ke da zartsi. Ba a rubuce ilimin yake ba, kuma masu shi na tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Ku riƙe lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu da kyau. Ƙofofi na nan: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ta tarayya a Dutsin-ma, Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano mai cibiyar nazarin noma a busasshiyar ƙasa, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Mai son tsuntsaye ya nemi cibiyar APLORI a Jos. Ku koyi Faransanci, domin rabin abin da aka rubuta kan ruwan yankinmu a can tsallake yake. 'Yan matana, da ku nake musamman. Ku ke shiga ɗakin da namiji baƙo ba ya shiga, ku ke ganin randa da haƙoran yara. Fannin nan na buƙatarku ƙwarai.

Mafi nauyi duka ita ce amana. Kada ku zauna a ɗaki ku ƙirƙiri lambobi don a sa muku hannu a takarda, kada ku kwafi aikin wani ku canza sunan gari. Wata rana a kan lambar nan za a yanke shawarar ruwan da jariri zai sha. In sakamako ya ɓata wa ɗan kwangila rai, ku faɗe shi yadda yake. In kuma ba ku auna ba, kada ku hau Facebook ku ce rijiyar wane da guba. Duk abin da kuka gano, ku dawo da shi ga masu shi: ku yi wa mai unguwa da dagaci da hakimi bayani da Hausar da za su gane, ku kai wa hukumar ruwa da ta lafiya a rubuce, ku yi ta bibiya har a ɗauki mataki.

Ba na yi muku alkawarin arziki na dare ɗaya a wannan hanya. Aiki ne na rana da ƙura da haƙuri. Amma abincinsa halal ne, kuma duk wanda ya sha tsabtataccen ruwa ta dalilinku kuna da rabo a ladan. Allah ya buɗa ƙwaƙwalenku, ya ba ku malamai na gari, ya sa ku amfani Mai'adua da ƙasar Daura baki ɗaya. Ku gaishe mini da iyayenku.

Haza wassalam.

Naku har kullum,
Kawunku mai yi muku fatan alheri.