Daidaita Sauti a Zauren Taro: Darasi ga Masu Hayar Lasifika

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Yola da Jimeta, da wuya a yi taron 'yan kasuwa babu fanka da janareta. Ƙuginsu kuwa makirufo yana kwashewa, har abokin cinikin da ke sauraro daga Legas ta intanet ya kasa bambance miliyan biyu da miliyan biyar.

Gyara yana farawa daga maɓallin ƙarfin shigar sauti, wanda ke saman kowane layi na miksa, wato na'urar haɗa sauti. A ajiye majanyin layin a kan sifiri, mai jawabi ya yi magana da muryarsa ta kullum, tazarar taƙi ɗaya daga makirufo. Sa'an nan a riƙa murɗa maɓallin sannu a hankali har korayen fitilu su kama. Jar fitila alama ce murya ta soma fashewa, sai a rage.

Bayan wannan ake tace sautin. Ƙugin lantarkin Nijeriya yana kan haz 50, saboda haka a danna maɓallin da ke yanke duk abin da ke ƙasa da haz 80 ko 100. Magana ba za ta rasa kome ba. Fitar haruffa tana tsakanin haz 2,000 da 4,000, ƙari kaɗan ya wadatar. Masu haya da dama sun fi son ƙarawa a kan ragewa, alhali a zauren siminti yawan ƙari shi ke jawo kukan lasifika. Makirufon da ba a magana da shi kuwa, a rufe shi.