Gatan Mai Jego Tun Tana da Ciki Ake Fara Shi

Ɗana, labari ya iso mini cewa iyalinka tana da juna biyu. Allah Ya raba lafiya. Maganar da zan yi maka irin wadda mahaifiyarka za ta ji nauyin yi ce, shi ya sa ni gwaggonka na ɗauke mata. Ka ba ni aron hankalinka.

Mu Hausawa ba a fi mu iya gatan mai jego ba. Ranar da mace ta sauka, gida ya ɗauki harama: a sayo itace, a ɗora tukunyar wanka, a daka yaji, a dafa ƙauri, ga kaji ga kunu, ranar suna a kayar da rago. Kwana arba'in ba a barin ta ta ɗaga ko tsinke. Duk wannan alheri ne, kada Allah Ya raba mu da shi. Amma ka dubi matar nan wata uku kafin ranar. Ita ce a bakin turmi, ita ce a bakin murhu. In an sauke tukunya ta zuba wa maigida tsoka, ta raba wa yara, abin da ya saura a gindin tukunya shi ne rabonta. Wata tara tana ciyar da rai biyu da ragowar abinci, sai bayan ta tsallake siratsi mu tuna da ita. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi a da, domin ya ishe ta ya ishi ɗan da ke cikinta, kuma a samu na ajiya saboda wanda za ta zubar ranar haihuwa. Wannan jinin daga kwano yake fitowa. Ma'aikatan asibiti suna cewa in jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ya kai rabin lita, wato cikin ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya, to an shiga haɗari. Wadda ta shiga naƙuda da isasshen jini tana iya jurewa har a kai ta asibiti. Wadda ta shiga a ɗashe, ido fari fat, tafin hannu ba ja, abin da wata za ta jure shi zai kayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020, cikin kowaɗanne mata huɗu da suka rasu a duniya ta dalilin ciki ko haihuwa, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Mu nan Arewa ba ma buƙatar a karanto mana wannan, mun san gidajen da muka je gaisuwa.

Kada ka ce sai mai kuɗi. Mafi yawan abin da take buƙata yana kasuwar ƙauyenku. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, alayyahu, miyar kuka da daddawa, wake ko a dafa ko a yi alala, awara, gyaɗa, riɗi, kabewa, busasshen kifi a miya. Ƙwai ɗaya a rana in da hali, kuma ka toshe kunnenka daga masu cewa mai ciki ba ta cin ƙwai. Fura da nono abinci ne mai kyau, in dai an tafasa madarar kafin ta kwana. In lokacin lemo ne ko gwaiba ko gwanda, ka shigo da su ta ci a kan abinci, domin suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka ta bar tazara tsakaninsa da abinci. In laulayi ya hana ta ci da yawa, ta riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da dama. In ka ga ta fara kwaɗayin cin ƙasa ko gawayi, kada a yi dariya a ce halin masu ciki ne. Sau da yawa jini ne ya yi ƙasa, a je a auna.

Akwai wani tsoro da mata ke ɓoyewa, kuma ina so ka san da shi. Da yawa suna rage ci da gangan, wai kada ɗa ya yi girma ya ba su wahala. Saboda wannan tsoron ne za ka ɗaga katifa ka tarar da 'yan jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da aka ba ta wurin awo, a ƙulle cikin leda, ko ɗaya ba ta sha ba. Wata kuma ta bari ne don suna tayar mata da zuciya, ko ta ga bayan gidanta ya yi baƙi ta tsorata. Baƙin nan ba ciwo ba ne, aikin maganin ne. Yunwa ba ta sauƙaƙa naƙuda, uwa take raunanawa, ɗan kuma ya fito ba ƙwari. Kai za ka zauna da ita cikin lalama ka tuna mata da ƙwayar nan kullum, bayan ta ci abinci. In azumi ya riske ta tana jin jiki, ku tambayi malami. Addini ya yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame.

Awo kuma ba a jira sai ciki ya fito. Na san kunyar cikin fari, na san yadda ake ɓoye shi har sai zane ya tona, amma a fara zuwa cikin wata uku na farko. Tun 2016 shawarar masana ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A can ne za a auna hawan jini, a yi mata allurar tsinkau-tsinkau, a ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu. Ka ɗaura mata gidan sauro da hannunka.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Ka ba ta izinin fita asibiti tun yau, a gaban mahaifiyarka da duk wanda ke gidan, cewa ko kana nan ko ba ka nan, dare ko rana, a tafi da ita. An sha rasa mace tana kwance a ɗaki ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa. In ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko zazzaɓi, ko ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuni ta kai dare ba a sauka ba, ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne. Kada ka yarda a kai mata aska da sunan yankan gishiri, yana cikin abin da ke jefa mata a yoyon fitsari. Kuɗin mota ka ware shi daban kafin kuɗin rago, ka yi magana da direban da zai ɗaga waya da tsakar dare, ka san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini in ta kama.

In Allah Ya sauke ta, a sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Dakashin nan da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na fari. Wata shida nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata, don haka uwar ce za a ciyar a shayar sosai. Nan ƙauri da kaza da kunun gyaɗa suke da gurbi, ta ci gaba da shan maganin ƙarin jininta kuma.

Sai dai jegon namu yana da abin gyara, ko da tsofaffi 'yan'uwana za su ji ba daɗi. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciya ke gaza musu, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin kuma ya ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji aiki. Ta yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda fata ke iya ɗauka, a dama mata kunu ba kanwa. In ta fara haki, ko ƙafa ta kumbura, ko tari ya hana ta kwanciya sai a jingine, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A kai ta asibiti ranar. Ko lafiya lau take, a mayar da ita a duba ta cikin makon farko, da kuma in ta yi arba'in.

Iyayenta sun ba ka ita amana, ɗana. Yau in za ka koma gida ka biya kasuwa, kuma ka tambaye ta ranar awonta, ka raka ta da kanka. Ka gaishe mini da ita.