Shafe da Fenti: Adon Cikin Ɗaki a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Bayan magini ya tayar da ɗaki ya rufa shi, sauran aiki na mai shafe ne. Wannan darasi zai dubi yadda ake shafe cikin ɗaki a gargajiyance da kuma a zamanance, tare da kalmomin da suka keɓanta da aikin.

Yaɓe, shafe da daɓe

Ɗalibai da yawa, musamman waɗanda suka tashi a gidan siminti, sukan gwama waɗannan kalmomi uku. Yaɓe shi ne lulluɓe bango da kwaɓaɓɓiyar ƙasa domin a toshe ramuka, fuskar bangon ta daidaita. Shafe kuwa shi ne bin bangon da aka yaɓe da wani abu mai ruwa-ruwa, kamar farar ƙasa, domin ya yi haske. Daɓe na ƙasan ɗaki ne, ana kuma yin sa da madaɓi. Malamin da bai rarrabe su ba zai koyar da kuskure, ɗalibansa kuma su kai shi gaba.

Kalmar fenti ta aro ce daga Ingilishi. Da yake Hausa ba ta da sautin /p/ a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta, sai /f/ ya maye gurbinsa, aka kuma ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda akasarin kalmomin Hausa suke ƙarewa. A kalmar burushi kuwa, wasali aka saƙa tsakanin baƙaƙe biyu na farko.

Shafen gargajiya

Shafen cikin ɗaki galibi aikin mata ne, an kuma fi yin sa idan salla ta gabato ko za a yi wa amarya jere. Akan jiƙa farar ƙasa ta kwana, a tace ta, sannan a shafa da tsumma ko da tafin hannu. Wasu sukan ɗiga bula domin farin ya ƙara fitowa, wasu su zuba jiƙaƙƙen ƙaro don kada ta riƙa bin tufafi. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, an fi amfani da su a inda ruwa yake duka.

Fentin zamani

Fenti iri biyu ne a kasuwa: na ruwa da na mai. Na ruwa shi ake yi wa bango da silin, ana sirka shi da ruwa, yakan kuma bushe cikin awa 2 zuwa 4. Na mai ya fi dacewa da ƙofa da taga da ƙarfe, da kananzir ko tina ake sirka shi, kuma sai ya kwana kafin a maimaita.

Mafi yawan aikin fenti yana ƙarewa ne tun ba a buɗe bokiti ba. Sabuwar fulasta tana bukatar kimanin kwana 28 kafin ta sha iska sosai. Idan aka yi gaggawa, kamar yadda akan yi idan ranar biki ta matso, danshin da ke ciki zai turo fentin ya yi ƙuraje, ya riƙa ɓarewa, wani farin gari mai kama da kanwa ya feso. Tsohon bango kuwa sai an kankare duk inda ya ɗago, an cike tsaga, an goge da samfefa, an share ƙura. Idan farar ƙasa ce a jiki, dole a wanke ta, domin fenti ba ya kama gari. Inda danshi yake tasowa daga tushen gini ko rufi yake yoyo, wannan gyaran magini ne, babu yawan fentin da zai ɓoye shi.

Daga sama ake farawa: silin, sai bango, sai ƙofa da taga, domin abin da ya ɗiga ya faɗa inda ba a riga an shafa ba. Akan bi lunguna da gefuna da burushi tukuna, sannan a cike fili da rola, ba a kuma tsayawa a tsakiyar bango, don kada gaɓar ta fito bayan ya bushe. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Fentan da ya cika ruwa don bokiti mai lita 20 ya auka, mai gida ya cutar, ko da shi mai gidan ne ya nemi hakan.

Yanayi ma abin lura ne. Da damina fenti yana jinkirin bushewa, da hunturu kuma ƙura tana manne wa fentin mai, saboda haka a kan yayyafa ruwa a tsakar gida kafin a fara. Tagogi su kasance a buɗe, kada kuma yara su kwana a ɗakin sai warin ya fita.

Wani kuskure da akan yi shi ne yi wa ginin ƙasa fentin mai. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, farar ƙasa ba ta hana shi yin haka. Fentin mai kuwa toshe shi yake yi, danshin ya taru a ciki, yaɓen ya ruɓe ta baya alhali fuskarsa tana ƙyalli, har ranar da zai zubo falle guda.