Ƙaunar Allah Sa'anda Daɗin Addu'a Ya Ƙare



Da yawa cikin waɗanda suka karɓi baftisma sukan komo bayan wata shida ko shekara guda, ransu a ɓace, su ce: "Malam, ran da aka zuba mini ruwa zuciyata ta cika da murna, amma yanzu ina addu'a kamar mai magana da bango. Ko ƙaunar Allah ta fita daga cikina ne?" Waɗansu kuwa ba su faɗa wa kowa, sai su riƙa janye jiki daga Misa sannu sannu har a daina ganinsu. Domin irin waɗannan aka rubuta wannan darasi, gama Ekklesiya Katolika ta daɗe da sanin wannan ciwo, ta kuma san maganinsa.

1. Allah ne ya fara

Ekklesiya tana koya mana cewa akwai kyautai uku da Allah yake zubawa cikin ran mutum a baftisma, watau bangaskiya, da bege, da ƙauna. Ƙauna ce babbarsu. Ba mu saye ta da azumi ko da sadaka ba. Manzo Yohanna, cikin sura ta 4 ta wasiƙarsa ta fari, ya nuna cewa Allah ne ya riga mu, tamu ƙaunar amsa ce kawai. Uwa takan goya jaririnta tun bai san sunanta ba; hakanan Ubangiji Yesu ya mutu dominka tun ba ka ji labarinsa ba. Abin da ba jin daɗinka ne ya kawo shi ba, rashin jin daɗinka ba zai kore shi ba. Zunubi mai nauyi da aka yi da gangan, shi ne kaɗai yake fitar da wannan kyauta, shi ma akwai tuba da ikirari a gaban Fada.

2. Saurayin da ya ji tsoron wuta

An haifi Waliyi Faransis de Sales a ƙasar Savoy, kan iyakar Faransa, a shekara ta 1567. Yana ɗan makaranta a birnin Paris, shekarunsa 19, sai ya ji masana suna gardama a kan ƙaddara, ko Allah ya riga ya rubuta waɗansu domin wuta. Tsoro ya kama shi cewa yana cikinsu. Wajen mako shida, daga ƙarshen 1586 zuwa farkon 1587, ba ya iya ci ko barci, har ya rame.

A ƙarshe ya shiga wani ɗakin sujada, ya durƙusa gaban siffar Budurwa Maryamu. A can ya yanke shawara ɗaya: ko mene ne Allah ya shirya masa a lahira, shi dai zai ƙaunace shi a nan duniya muddin yana numfashi. Ya roƙi taimakon Maryamu, ya tashi, nauyin kuwa ya sauka daga kansa.

Ka lura da kyau. Ekklesiya ba ta koya cewa Allah ya halicci wani domin wuta. Tsoron Faransis jaraba ce. Amma cikin jarabar ya gane bambanci tsakanin ɗan ƙodago da ɗan gida. Ɗan ƙodago yakan yi noma domin kuɗin yamma, ran da ba a biya ba ya ajiye fartanya. Ɗan gida kuwa yana noma domin gonar ta ubansa ce.

3. Makaɗin da ya kurmance

Faransis ya zama Bishop na Geneva a 1602. A 1616 ya fitar da littafinsa a kan ƙaunar Allah, mai kashi 12. A ciki ya raba ƙauna biyu: akwai ƙaunar da zuciya take ji, wadda take sa mutum murna da Allah cikin addu'a, akwai kuma ƙauna ta aiki, wadda take sa mutum ya yi nufin Allah. Dukansu biyu masu kyau ne, amma ta biyun ce take shaida gaskiyar ta farin.

Ya ba da misalin wani gwanin makaɗi a fādar sarki wanda ya kurmance. Ba ya ƙara jin zaƙin kiɗansa, duk da haka yana kaɗawa domin sarki yana jin daɗi. Wata rana sarki ya umarce shi ya yi kiɗa, sa'annan ya fita farauta ya bar shi. Makaɗin bai daina ba, ko da yake ba ya jin kiɗan, ba ya kuma ganin fuskar ubangidansa. Ya ci gaba domin abin da sarki ya so ke nan.

Ya ɗan'uwa, idan addu'arka ta bushe amma ba ka bar ta ba, kai ne makaɗin nan. Wataƙila ba ka taɓa ƙaunar Allah da gaskiya kamar a wannan lokaci ba, gama dā kana neman daɗin da yake bayarwa, yanzu kuwa shi kansa kake nema.

4. Gwauruwa da wanda ya kashe mijinta

Ƙauna ta aiki ba ta tsaya a ɗakin sujada. Dubi Waliyiya Jane de Chantal, wata mace mai daraja a Faransa. A 1601 mijinta ya fita farauta, abokin tafiyarsa ya harbe shi bisa kuskure. Kafin ya cika ya gafarta wa mutumin. Jane kuwa, da aka bar ta da yara huɗu, ta kasa ko da jin sunansa.

A 1604 ta ji wa'azin Faransis a birnin Dijon cikin Azumi, ta roƙe shi ya zama mai bishe ta. Bai tsawata mata ba, bai kuma tilasta ta ta je neman mutumin ba. Shawararsa ita ce, idan sun gamu, ko da zuciyarta ta yi ta bugawa, ta karɓe shi da tawali'u. Ta bi wannan da wuya, mataki mataki, har daga baya ta yarda ta zama uwar baftisma ga ɗan mutumin nan. A 1610 ita da Faransis suka kafa ƙungiyar mata masu keɓe kai ga Allah a garin Annecy, suka sa mata sunan Ziyarar da Maryamu ta kai wa Alisabatu. Da ta rasu a 1641, gidajen ƙungiyar sun fi 80. Ita ma ta yi shekaru da yawa cikin bushewar addu'a, ba ta kuwa bar aikinta ba.

5. Abin da za ka yi

Na fari, kada ka rage addu'ar safe da ta dare domin ba ka jin kome. Ka yi ta a kan lokacinta.

Na biyu, kada ka bar Misa ta ran Lahadi. Mara lafiya ba ya gudun mai magani.

Na uku, ka tuna da mutum ɗaya wanda zuciyarka take ƙi, ko ɗan'uwan da ya juya maka baya saboda bangaskiyarka, ko wanda ya ci bashinka, ko maƙwabcin da ya ɓata sunanka. Ka ambaci sunansa a gaban Allah kowace rana, ka roƙa masa alheri. Idan kun gamu a hanya, ka riga shi gaisuwa. Gafara ba ta hana ka neman hakkinka ta hanyar gaskiya, amma tana hana ka so masa mugunta.

Na huɗu, kada ka ɓoye damuwarka. Ka gaya wa Fada ko katikis, gama ciwon da aka ɓoye shi yake ruɓa.

Tambayoyi

Wa ya fara ƙauna, kai ko Allah? Me ya sa makaɗin bai daina kiɗa ba? Wane mutum za ka gaisar a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka san sanyin zuciyata, ka riƙe ni sa'anda ba na jin hannunka. Ka ba ni ikon yin nufinka yau, da ikon yin alheri ga wanda ya ɓata mini rai. Amin.