Jariri Bakwaini da Lafiyar Hantarsa

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai kimanin miliyan 13 da dubu 400 a duniya, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Saboda haka wannan bayani ya shafi jama'a duka, na birni da na ƙauye.

Ciyarwa ta Jijiya

Wani bakwainin yakan zo da ƙanƙanta ƙwarai, har hanjinsa ba ya iya ɗaukar nonon da zai ishe shi. Wani kuma hanjin ne yake kamuwa da ciwo, likita ya hana a ba shi kome ta baki. A irin wannan hali akan harhaɗa sukari da mai da gishiri iri iri da abubuwan gina jiki cikin ruwa, a riƙa ɗura masa ta jijiya. Dokta Stanley Dudrick da abokan aikinsa a birnin Filadelfiya na Amurka su ne suka nuna a 1968 cewa jariri yana iya rayuwa, har ya yi girma, ta wannan hanya. Ta ceci rayuka masu yawa. Amma a lura, ta sha bamban da ƙarin ruwa na kwana biyu ko uku da aka saba gani a asibiti.

Yadda Take Taɓa Hanta

Hanta ce take yin ruwan ɗaci wanda ake tarawa a matsarmama. Sa'ad da abinci ya shiga hanji sai ruwan ya zubo, ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Idan hanji ya daɗe bai ga abinci ba, ruwan yakan tsaya a hanta, ya ɓata ta, ya koma cikin jini. Tun 1971 likitoci suka ba da labarin wannan ciwo. Galibi yakan bayyana bayan an wuce mako biyu ana ciyarwa ta jijiya. Abubuwan da ke ƙara haɗarinsa su ne ƙanƙantar jariri, da tsawon kwanakin da ya yi bai sha nono ba, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, da kuma man waken soya da ake haɗawa a ruwan. Domin haka ne a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da man kifi ga yaran da suka kamu.

Alamomi

Shawarar da jarirai da yawa sukan yi a makon farko takan wuce, ko a warkar da ita da hasken fitila ta musamman a asibiti. Shawarar hanta dabam take, fitila ba ta maganinta. Ga alamominta:

1. Ido da fata su zauna rawaya fiye da mako uku ga bakwaini.
2. Kashi ya yi fari fat ko toka-toka.
3. Fitsari ya yi duhu, har ya rina zane.
4. Jariri ya ƙi ƙara nauyi, ko jini ya riƙa fita daga cibiya ko hanci.

Gwajin jini ne yake rarrabe su. Farin kashi yana iya zama alamar toshewar hanyar matsarmama, wadda aikinta ya fi nasara kafin jariri ya cika wata biyu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abin da Ya Wajaba a Kan Iyaye

Babbar garkuwar hanta ita ce nonon uwa. Ko ɗigo kaɗan aka zuba ta siririn tiyo zuwa ciki, yakan motsa hanji da matsarmama. Lalle ne mai jego ta soma tatsa tun ranar haihuwa, kamar sau takwas a dare da rana, ko da jaririn yana cikin kwalba. Kada a zubar da dakashi, domin shi ne rigakafin farko. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa jariri. In likita ya yarda, uwa ta ɗaura shi a ƙirjinta, fata da fata, dabarar da aka soma a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978.

Kada maigida ya cire ɗansa daga asibiti don tsoron wannan ciwo, gama yunwa ta fi shi saurin kisa. Bayan sallama kuwa kada a ba jariri jiƙo ko sassaƙe, kada a shanya shi a rana, kada a sa kafur cikin kayansa.

Mutanen Lafiya da Doma da Obi da Awe da suka ga ɗaya daga alamomin nan, sai su garzaya babban asibitin da aka sani da sunan Dalhatu Araf a Lafiya. Na yammacin Jihar Nasarawa su nufi Asibitin Tarayya na Keffi, na sauran jihohi kuma babban asibiti mafi kusa. A gaya wa likita yawan kwanakin da aka ciyar da yaron ta jijiya. Yawancin jariran da aka kai da wuri, suka koma shan nono sosai, hantarsu takan warke cikin 'yan makonni ko watanni, da yardar Allah.