Manhajar da Ba Ta San Kwanan Wata Ba

Ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Umarnin bai taɓa sauran rukunoni ba. Amma a Abuja sai ga mutanen da ba 'yan Band A ba sun sayi kati, na'urar kamfanin rarraba wuta na AEDC ta yanke musu da sabon farashi. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce tangarɗa aka samu wajen sauya wa wasu rukuni. Cikin 'yan kwanaki hukumar ta ci shi tarar naira miliyan 200, ta kuma umarce shi ya mayar wa mutane haƙƙinsu. Mu masu rubuta manhajar lissafin wuta mun san irin wannan tangarɗar, kuma abin haushi, ita ce 'yan koyo ke ta dasawa a manhajojin da suke sayar wa masu rukunin gidaje da shaguna.

Farashi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Rukunin da layi yake ciki ma haka, domin ana sauke layi daga Band A idan wutarsa ta gaza. Wanda ya kafe 225 a cikin lambar manhaja ya yi aika-aika. Wanda ya ajiye farashi ɗaya a rumbun bayanai yana goge tsoho da sabo ya fi shi ɓarna, don ya share shaida. Ran 6 ga Mayun 2024 farashin Band A ya sauko 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Gidan da ke shan yunit 10 kullum, kwana biyar na farkon Mayu a 225 suke. A lissafa watan duka da sabon farashi, naira 910 ta salwanta, kafin a ɗora VAT. A rukunin gidaje mai gida ɗari, dubu 91 ke nan, kuma wani ne zai cike giɓin.

Za a ce mita mai kati ba ruwanta da wannan, tunda farashin lokacin saye ne ke aiki. To, ranar da aka ce a mayar da kuɗi fa? Sai an san rukunin mutum da farashinsa a daidai lokacin da ya saya, wanda ya goge kuwa ba shi da inda zai duba. Za a kuma ce raba wata kwana-kwana ƙiyasi ne. Gaskiya ne, shi ya sa ake karanta mita ranar canjin, in hakan ya gagara a rubuta a jikin takardar cewa ƙiyasi aka yi.

Kada a goge tsohon farashi, a ƙara sabon layi a jadawali. Kada a goge, ko maigidan ya matsa wai yana sauri. A kuma duba agogon sabar da manhajar ke kai: in tana kan lokacin duniya na UTC, agogon Abuja ya riga ta da awa ɗaya, wanda ya sayi kati ƙarfe goma sha biyu da rabi na daren canji da farashin jiya za a yanke masa.