Sana'ar Saita Fiyano: Yadda Ake Horar da Kunne

Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana matse tsarkiyoyi a hammata ya san cewa ƙara ɗaurin fata kan sa murya ta haura. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin sana'ar masu saita fiyano, kayan kiɗan da Bartolomeo Cristofori ya ƙera a birnin Fulorens na Italiya wajen shekarar 1700. Fiyano na yau yana da madannai 88 da wayoyin ƙarfe kimanin 230, kuma jimillar ɗaurinsu ta kusa tan 20. Katakon da ke cikinsa yana kumbura da laima, ya tsuke da bushewa, kamar yadda ƙofar katako kan yi tsakanin damina da hunturu. Shi ya sa akan so a saita shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana ta musamman don juya fegin da waya ke naɗe a kai, da 'yan guntayen roba ko ulu na toshe wayoyin da ba a son jin su, sai wani ƙarfe mai baki biyu da John Shore ya ƙirƙiro a 1711. Idan aka buga shi, yakan ba da sauti mai karkaɗawa 440 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin da aka fi bi a duniya.

To, a nan ne kimiyya ke shigowa. Mutane da dama sun ɗauka sai mai baiwar gane murya ke iya aikin. Ba haka ba ne. Abin da ɗalibi ke koyo shi ne ƙirga. Idan waya ɗaya na karkaɗawa 440, ɗaya kuma 442, mai sauraro zai ji sautin yana ƙaruwa yana raguwa sau biyu a daƙiƙa. Galibin madannai wayoyi uku gare su, don haka darasin farko shi ne juya fegi har wannan kai-kawo ya ɓace. Daga ji kamar da sauƙi, amma almajiri kan shafe watanni kafin hannunsa ya iya tsayar da fegi yadda ba zai zame ba in an daki madanni da ƙarfi.

Darasi na biyu ya fi ban mamaki. Sautuka biyu kan yi daɗin ji idan karkaɗawarsu ta kasance 3 bisa 2. Amma in aka jera irin wannan tazara sau 12, lissafi zai ba da 129.7, alhali 128 ake bukata domin a koma kan sautin da aka faro. Saboda haka sai a raba wannan rara, a ɗan rage kowace tazara da gangan. Wato gwanin mai saiti yana barin kuskure ƙanƙane wanda ya auna. Na'urori da manhajojin waya na taimakawa yanzu, amma a ganina wanda bai horar da kunnensa ba ba zai gane lokacin da na'urar ta ɓatar da shi ba.

Hanyar shiga sana'ar ta bambanta. A Jamus, almajiri kan yi shekara uku da rabi yana aiki a masana'anta ko shago, yana kuma halartar makarantar sana'a, kamar ta garin Ludwigsburg. A Amurka doka ba ta tilasta lasisi ba. Wasu kan shiga makarantar North Bennet Street da ke Boston, wasu su zauna gaban gwani. Mai son shaida yakan zauna jarrabawa uku na ƙungiyar masu gyaran fiyano da aka kafa a 1957: ta rubutu, ta saiti, da ta gyara. Ta ukun tana da muhimmanci, domin abokin ciniki bai raba saiti da karyayyen guduma ba, shi dai a gyara masa.

Makafi sun daɗe da yin fice a nan. Claude Montal, wanda ya yi karatu a makarantar makafi ta Faris, ya wallafa littafi kan saita fiyano a 1836, kuma bayansa makarantun makafi a Faransa da Ingila suka riƙa koyar da sana'ar.